Jan Biro da Makiyayin da Muka Rufe wa Baki

Ƙarfe bakwai da rabi take shiga ɗan tsukukun ɗakinta a ƙarshen barandar gidan talabijin ɗinmu, ta goge tabarau da gefen mayafi, ta shata layi uku a takarda. Shekara ashirin da shida ke nan. Aikinta duba shiri kafin a watsa shi, kuma sau biyu take kallon kowanne: da farko ta kashe murya, sannan ta kunna. A layukan nan take rubuta wa ya yi magana, wa ya ɗauki kaya, wa aka sa sunansa a ƙasan hoto. Jan Biro muke kiranta a bayan idonta. A gabanta kuwa, Anti.

Ni mai haɗa hoto ne, kuma ni ta taɓa kamawa dumu-dumu. Ma'aikatanmu sun je can ƙuryar arewacin duniya, ƙasar ƙanƙara, sun ɗauko hasken nan kore da ja da ke rausaya a sama. Na haɗa shirin, ina ta hura hanci. Anti ta kira ni, ta turo min takardarta. Masana uku, kowa da sunansa da muƙaminsa. Tsohon makiyayin da ya yi musu jagora kuwa, sau goma sha ɗaya ya fito, duk a layin masu ɗaukar kaya.

Ta nuna min wani wuri babu murya: tsohon yana nuna sama, bakinsa na motsi. Ta kunna, sai kiɗa. Na ce ai ba mai jin yarensa, shi ya sa na rufe.

"To me ya ce?" in ji ta.

Wallahi ban sani ba, kuma ban taɓa tambaya ba. Kunya ta rufe ni.

An riga an yi shelar za a watsa shirin ranar Juma'a, Anti kuwa ta ƙi amincewa da shi a haka. Manaja ya ce ko ta sa hannu, ko ta koma sito wajen tsofaffin kaset. Ta mayar da bironta jaka. Daga siton ta yi kwana tara tana buga waya, har ta samu 'yar tsohon, wadda ta fassara mana. Ashe cewa yake yi yau gajimare zai rufe, a jira jibi. Jibin kuwa sama ta buɗe. A shirina kuwa, wani masani na nuna a matsayin mai wannan hasashe.

An gyara, an watsa. Ita dai wata bakwai ta yi cikin ƙurar siton, ba wanda ya ba ta haƙuri, har da ni.

Anti, ke ce mai ganin wanda ke gefen hoto. Ke kika koya min cewa a nuna fuskar mutum daban, a bar shi ya yi magana daban. Jiya kika ajiye aiki, na rasa bakin magana a gabanki, shi ya sa na rubuta. Ki yafe min, kuma mun gode. Ku da za ku zauna a kujerarta, don Allah ku riƙa shata layukan nan uku.

Akwai abin da Anti ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, sai jiya da tana kwashe kayanta na ga wasiƙar 'yar tsohon. Ta ce babanta bai iya karatu ba, amma da suka kalli shirin da aka gyara, ya sa an tsayar da hoton, ya ɗora yatsa a kan sunansa, ya daɗe bai ɗauke ba.