Sarewar da Baba Mai Fensir Ya Daina Ji

Shekara talatin da ɗaya ya yi a ƙungiyar badujala ta 'yan sanda. Da busa begila ya fara, sai haƙoransa na gaba suka hana shi. Shugaban ƙungiyar ya lura yana da kyan rubutu da kaifin kunne, ya mayar da shi mai rubuta kiɗa. Aikinsa shi ne ya ɗauki waƙa guda ya raba ta, masu ganga da nasu, masu sarewa da nasu, masu manyan ƙahonni da nasu, kowa da takardarsa mai layuka biyar-biyar da ɗige-ɗige. Kullum fensir na maƙale a bayan kunnensa, har sunan Mai Fensir ya bi shi. Da furfura ta zo aka ƙara masa Baba.

Bayan ya yi ritaya bai huta ba. Makarantun sakandare uku da ke da 'yan badujala suna kawo masa waƙoƙi yana tsara musu. 'Yarsa Auta, wadda ke aikin jinya, ita ta ba shi tsohuwar kwamfutarta, ta sa masa manhajar rubuta kiɗa. Wata biyu ya yi bai taɓa ta ba. Ranar da ya gane cewa idan ya jera ɗige-ɗigensa ya danna maɓalli guda za ta kaɗa masa abin da ya rubuta, sai da aka kira shi cin abincin rana sau uku.

Shekara tara suka yi tare da kwamfutar. Murfinta ya saki, sai ya jingina shi da ƙamus. Batirinta ya mutu, da zarar an ɗauke wuta ta ɗauke. Fankarta na kuka kamar injin niƙa. Duk wannan ya jure. Abin da ya kasa jurewa shi ne sarewa. Zai rubuta mata layinta tsaf, ya kunna, ya ji ganga, ya ji ƙaho, amma inda sarewa za ta hau sama sai ya ji wayam. Ya yanke hukunci cewa lasifikar ce ta tsufa, ya kira Auta ya ce ta raka shi ya sayi sabuwa.

Ranar Asabar da hantsi suka hau wani siririn bene zuwa shagon kwamfuta. Baba na riƙe da takarda, ya kwafo duk abin da manhajar ke buƙata da fensir. Mai shagon, wani faffaɗan mutum mai fara'a, ya duba takardar ya ce ai wannan kowace kwamfuta a shagon za ta ɗauka. Ya jawo wata baƙa mai fitilu kala-kala a ƙarƙashin maɓallanta, ya ce matasa masu wasan harbe-harbe ita suke so. Baba ya ce shi ya aje aikin ɗan sanda bai harbi kowa ba, ba yanzu zai fara ba. Abu ɗaya yake so, a bar shi ya ji muryar kowace.

Ya fito da filash ɗin da ya saka sabon kiɗan faretin da ya gama a makon, wanda bai kunna wa kowa ba tukuna. Aka sa a ta farko. Ya karkata kai, ya saurara, ya girgiza kai. Aka sa a ta biyu, haka. A ta uku har mai shagon ya ƙure ƙara, mai gyaran waya na shagon gefe ya leƙo.

"Kayanka duk halinsu ɗaya," in ji Baba. "Babu wadda ke fitar da sarewa."

Mai shagon ya dubi Auta. Ita kuwa tana jingine da kanta tana duba saƙo a waya, tana ɗan rera wani abu a hanci ba tare da ta sani ba. Baba ya tsaya yana kallonta. Muryarta ƙasa-ƙasa take, yana jin ta sarai. Layin sarewar ne take bi, hawa da saukarsa, har da ɗan lanƙwasar da ya sha wahala a kanta ranar Talata.

"Auta, a ina kika ji wannan?"

"Ga shi yana tashi, Baba." Sai ta ɗago ta ga fuskarsa, ta sa wayar a jaka.

Mai shagon ya kawo kujera, Baba ya zauna. Ya daɗe yana kallon tayil ɗin ƙasa. Ya tuna shekarun da ya yi yana tsayawa dab da masu ganga don ya ji ko sun bi takarda. Ya tuna yadda kwanan nan yake yi wa jikokinsa faɗa wai suna magana ciki-ciki, da sau nawa butar shayi ta yi ta yin fito a kan wuta sai wani ya zo daga ɗaki ya sauke. Auta ta ce a hankali akwai likitan kunne a asibitinsu, ranar Litinin za ta karɓa masa kati. Ya ce to. Ya kuma ba mai shagon haƙuri kan sharrin da ya yi wa kayansa, mutumin ya ce ba komai, Baba.

Auta ta zaci gida za su koma. Amma ya miƙe ya ce tunda sun hawo benen nan, kuma tsohuwar dai ta gaji ko da lasifikarta lafiya, a gama abin da ya kawo su. Wannan karon bai ce a kunna komai ba. Ya sa aka buɗe hoton shafin kiɗan a kowace, ya sa tabarau, yana matsawa yana ja da baya. Ya ƙi mai ƙyalli don tana nuna masa fuskarsa da fitilar silin. Ya zaɓi wata toka-toka mai faɗin fuska, wadda layukan kayan kiɗa goma sha biyu suka fito a kanta gaba ɗaya, na sarewa a can sama, baƙi wuluk a kan fari. Mai shagon ya ce tana da nauyi fa. Baba ya ce daga tebur zuwa tebur ne tafiyarta.

Likita ya ba shi na'urar da ake maƙalawa a kunne. Ta taimaka, amma sarewar tana zuwa masa ne kamar daga gidan maƙwabta. Har yanzu yana rubuta mata layi, da ido da abin da ya rage masa a ka. Idan ya gama sai ya kira maiɗakinsa, wadda ba ta san ɗigo ɗaya na rubutun kiɗa ba, ta zauna a hannun kujera ya kunna mata. Ranar farko ta saurara har ƙarshe, ta ce sarewar tana nan, amma ta cika surutu, ba ta barin kowa ya yi magana. Ya yi mata musu na kusan rabin awa. Da ta koma kicin ya share kusan kashi ɗaya cikin uku, ya sake kiranta.