Wanda Ya Durƙusa Da Wadda Ta Zauna

Ban taɓa mantawa da ranar da na kai ɗalibaina biyu intabiyu Gwarzo ba. A farkon shekarun Shari'a ne, lokacin da gwamnati ta tsuke bakin aljihu har ta dakatar da ɗaukar ma'aikata. Ni ne malamin ba da shawara a wata sakandare kusa da Kabo, aikina shirya 'yan ajin ƙarshe su iya tsayawa gaban kwamiti. A shekarar ƙofa ɗaya ta rage a buɗe: wata makarantar koyon aikin lafiya da ta turo kwamiti ya tantance yaran yankinmu.

Biyu suka haye jarrabawar rubutu, Habu daga Dugabau da Sa'adatu daga Durun. Kakar Sa'adatu ungozoma ce, tun Sa'adatu tana ƙarama take riƙe mata fitila wurin karɓar haihuwa. Gidansu sun gaya mata in ba ta samu ba, karatu ya tsaya ke nan, babu halin jiran baɗi.

A horon da aka ba mu, an ce yaro ya zauna a kujera, ya kalli mai tambaya, ya faɗi abin da ya iya. Ku da kuka tashi a nan kun san wannan ya saɓa wa duk tarbiyyar gida. Na sha fama.

"Malam, in kalli babba a ido?" in ji Sa'adatu. "Ai Inna sai ta yanka ni."

Na ce, "Inna ba ta cikin kwamitin."

Ranar babu wuta, an bar ƙofa a buɗe saboda zafi, ina kan benci ina jin komai. Shugaban kwamitin wani dattijon Alhaji ne, sakatarensa kuma matashi ɗan boko.

Habu ya fara shiga. Tsoro ya mantar da shi komai: ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai. Sakataren ya tuntsire da dariya. "Kai, nan ba ƙofar dagaci ba ce! Wanda ya kasa ɗaga kai ne zai yi wa mara lafiya allura?" Aka sallame shi.

Sa'adatu ta yi sallama, ta gaishe su, ta zauna. Da aka tambaye ta me ya sa take ganin ta cancanta, ta ɗago kai ta ce, "Ranka ya daɗe, na saba taya kakata karɓar haihuwa. Jini ba ya firgita ni."

Alhaji ya ajiye carbinsa. "Yabon kai jahilci! 'Yar wane gida ce wannan, ta hakimce a kujera tana kallon tsabar idona? Yanzu da ake ta gyaran tarbiyya?"

Ni ba mai faɗa ba ne, takardar gargaɗi ma tsoronta nake yi. Amma da suka fito na tare Alhajin.

"Ranka ya daɗe, a gafarce ni, wataƙila ni ne ban fahimta ba. Wanda ya durƙusa an kayar da shi, wadda ta zauna an kayar da ita. Me zan koya musu?"

"Malam, ɗan kirki ya san inda ake durƙusawa da inda ake zama."

"A ɗaki ɗaya, ranka ya daɗe?"

Ya miƙa wa direbansa jaka, ya shige mota.

A hanyar komawa Sa'adatu ta ce, "Malam, a ina na yi kuskure?" Na ce ba ta yi ba. Ba na jin ta yarda. Yau ita ke karɓar haihuwar Durun, babu takarda, babu albashi.

Ban ce kowane kwamiti haka yake ba, akwai masu adalci. Amma na gane cewa a aikin nan yara biyu ake so mu fitar daga jiki ɗaya, kuma ba wanda zai gaya maka wanne ake nema yau. Tun daga nan nakan ce wa ɗalibaina, da shigarku ku leƙa ƙarƙashin tebur. In shugaba ya tuɓe takalminsa, ku durƙusa. In yana sanye da shi, ku zauna. Sau da yawa dabarar tana ci, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai. Na yi digiri don in koya wa yara faɗin abin da suka sani, na ƙare ina koya musu kallon ƙafafun manya.