Hancin Motar Baba da Audugar Kacalla

Shekarun baya, bayan rasuwar mahaifinmu, wata tsohuwar akori-kura ya bar mana. Ni nake janta daga Haɗeja zuwa ƙauyukan fadama, in ɗauko shinkafa, in ɗauko tattasai, wani lokacin har raguna. Sai dai fa baiwar Allah ta tsufa. In ta ga tudu sai nishi, in kuwa ta ga ruwa, ko bai kai gwiwa ba, sai ta mace a tsakiya ta bar ni ina roƙon masunta su tura.

Yayana ya gaji, ya ce a sayar. Ni kuwa wallahi ko zancen ba na son ji, don a cikinta na koyi tuƙi, Baba na gefe yana dungure min kai. Mahaifiyata ce ta raba gardamar. Shinkafarta tana gona ta wajen Kirikasamma, an yanke an casa. Ta ce, "In motar ta kwaso min ita ta kawo gida, ta zauna. In ta kasa, yayanka ya kira dillali."

Ban zame ko'ina ba sai garejin abokina bakanike. Ya ɗaga bonet ya leƙa, ya ce, "Kai, injin nan da sauransa. Dubi inda take shaƙar iska, can ƙasa bayan taya. Zafin inji take sha, ruwa kuma yana fantsamowa ciki. Ko kai aka toshe wa hanci haka ai ba za ka yi gudu ba." Muka samo bututu irin na injin ban-ruwa, ya haɗa shi da gidan iyakilina, wato matatar iskar, ya bi da shi ta jikin ƙofa har saman rufi, bakinsa na kallon gaba. Ina taka totur na ji ta amsa kamar ba ita ba. 'Yan tasha suka sa mata suna giwa. Ko a jikina, har wani ɗaga musu hannu nake yi kamar ɗan takara.

Ranar tafiya Inna ta fito da mayafinta ta ce da ita za a je. Na ce, "Inna, hanyar fa ba kyau." Ta ce, "Gonata ce ko taka?" Na buɗe mata gaba.

Mashigin ruwan da ya saba kunyata ni muka tarar ya kusa shafe taya. Na yi bismillah na kutsa. Muka fita ɗaya gefen lafiya lau, injin ko tari bai yi ba. Na saci kallon Inna ko za ta yaba, na ga ita carbinta take ja.

Muka loda buhuna muka juyo. A nan ne kaina ya yi girma, na ce bari in yanke ta wata 'yar hanya da ta ratsa cikin kacalla, doguwar ciyawar nan da ta cinye mana fadama. Lokacin kaka ne, kawunanta sun bushe, da ka taɓa sai su fashe su saki wata farar auduga. Abin da ni da abokina ba mu lissafa ba, tsayin bututunmu daidai yake da kan kacalla. Muna tafe yana dukan kawunan yana zuƙewa. Can na ji mota tana shaƙewa, baƙin hayaƙi ya turnuƙe, ta yi tsit.

Na diro daga mota. Na buɗe iyakilina, na tarar ta cika dam kamar matashin kai. Na tsaya riƙe da ita, idona ya kawo ruwa, don na san shi ke nan, motar Baba ta tafi. Inna ta leƙo ta taga, ta ga auduga har a gashin girata, ta fashe da dariyar da rabon da in ji irinta tun kafin rasuwar.

"Kai da abokinka kun yi mata hanci, kun manta ba ku rufe shi ba!"

Ta sa haƙori ta yage gefen mayafinta, mai shara-shara ne, ta miƙo min. Na kakkaɓe matatar, na juya bakin bututun ya kalli baya, na ɗaure masa ƙyallen. Bugu biyu ta tashi.

Kafin la'asar muna ƙofar gida. Yayana na tsaye, ya dubi buhunan, ya dubi ƙyallen da ke lilo a sama. Ya ce, "Inna, tsakani da Allah, ba ta mutu a hanya ba?"

"Ta mutu mana," in ji ta. "Ta kuma tashi. Ga shinkafa. Zo ka kama a sauke."

Bai ƙara tayar da maganar dillali ba. Daga baya abokina ya sa mata raga da 'yar hula a bakin bututun, har yau kuma tana aiki, ko da yake yanzu sai an lallaɓa ta da safe.

An daɗe kafin in tambayi Inna abin da ya sa ta nace sai ta bi ni. Tana tsince shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce ita ba ta taɓa zaton motar za ta iya ba. "Na ce in dai rabuwa za a yi, gara in ƙara zama a kujerar da babanku yake ɗauko ni, ko sau ɗaya ne."

Duk tsawon rigimar na ɗauka ni kaɗai ne ba na son a sayar. Yanzu ko wa zan ɗauka, in Inna za ta unguwa, kowa ya san baya zai hau.