Randar Inna a Cikin Kwale-kwale

Zamanin Turawa, shekarar da suka zo neman ruwan ƙarƙashin ƙasa a gefen Haɗejiya, ina ginin wata babbar randa. Da ragowar yumɓun da Innata ta haƙo kafin ta kwanta ciwon ajali na gina ta, don in kai masallacin unguwa sadaka gare ta. Ta bushe sarai, gashi kawai ya rage.

Sai tafintan Turawan ya tara maza a ƙofar gidan mai unguwa, ya ce za a binne nakiya a tudu a fasa, a saurari yadda motsin ke tafiya a ƙasa. Wai girgiza iri biyu ce. Ɗaya tunkuɗa take yi gaba, tana ratsa komai. Ɗayar kuwa gefe da gefe take kaɗa ƙasa kamar ana tankaɗe, ita ce mai tsaga gini. Cikin dutse take gudu, amma in ta iske ruwa sai ta mutu, don ruwa ba shi da abin kamawa.

Maigidana masunci ne, kuma shi ne ya fi kowa gyaɗa kai a wurin. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne! Ranar fasa nakiyar na tafi fadama yankan ciyawar gashi. Na ji dum can nesa, ko gauraka ba su tashi ba.

Da na dawo, babu randa a tsakar gida. Shi kuwa yana zaune yana ɗinkin komarsa ta kamun kifi, sai murmushi yake.

"Malam, ina randata?"

"Kwantar da hankalinki, na tsere da ita. Tana cikin kwale-kwale a tsakiyar kogi. Girgizar ba ta ƙetare ruwa."

"Wane kwale-kwalen? Ba dai tsohon nan mai yoyo ba?"

Sai murmushin ya ɗauke.

Mutumin da ya tsufa da mai ginin tukwane bai san ɗanyen yumɓu ba ya shiri da ruwa ba! Da muka isa, muka tarar gindin randar ya narke, ta zauna a kanta. Tukwanen maƙwabta da aka bari a tsakar gida, ko ɗaya bai tsage ba.

Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Ina tsaye ya ɗauki ƙwarya yana kwarfe jan ruwan nan yana zubarwa a kogi, bai ma lura yumɓun Inna na ƙarshe yake zubarwa ba.