Ranar da Rabi Ta Bi Agwagwa

A gidanmu na Birchi, da an idar da sallar isha'i muke kewaye murhun Iya, mahaifiyar babanmu. Takan tura masara cikin garwashi, ta janyo ƙanwata Rabi ta zaunar da ita gabanta, inda hasken wuta zai faɗa kan hannuwanta. Rabi kurma ce tun haihuwa. Saboda ita Iya ke yin tatsuniya da baki da hannu lokaci guda.

Wata damina, kududdufin bayan gida, inda aka haƙi ƙasar gini, ya cika ya batse. Mu shida muka fita wanki bakinsa da Rabi, tana 'yar shekara biyar. Ni na ɗauka Yaya Binta na kallonta, ita kuma ta ɗauka ni ce. Sai ganinta muka yi ta bi wata agwagwa, ruwa ya kai mata wuya. Muka yi ta ƙwala mata kira, kamar mun manta ba ta ji. Wani makiyayi da ya kawo shanu shan ruwa ne ya faɗa ya ciro ta.

Baba ya ce daga ranar a riƙa kulle ta a ɗaki har ruwa ya janye. Sai da muka zauna bakin murhu, kowa ya yi tsuru-tsuru, sannan Iya ta ce, "Ga wata tatsuniya nan tafe. Mai kunne ya karɓa da kunne, mai ido ya karɓa da ido."

Wai zabuwa ce mai 'ya'ya goma, autarsu ba ta ji. Za ta tafi kiwo, ta bar su bakin tafki ta ce, "Ku kula da ƙanwarku." Duk suka ce to. Babbar ta duba ta ce ai muna da yawa, ta shiga neman fara. Sauran ma haka. Kada ya ɗago kai, suka yi ta kururuwa, auta na shan ruwa abinta. Kunkuru ne ya ture ta gefe. Da uwar ta dawo tana faɗa, ya tambaye ta, "Wa kika bar wa ita?" Ta ce dukansu. Ya ce, "Ashe ba ki bar wa kowa ba."

Iya ta juya masara, ta dubi Baba da ke tsaye bakin ƙofa. "Kulle ba ya koya wa yaro komai. Ran da aka mance ƙofar a buɗe fa?"

Washegari ta sa aka kewaye kududdufin da ƙaya, aka yi wa rijiya murfi. Ta kai Rabi bakin ruwa da kanta, tana luma sanda tana nuna mata inda zurfi ya fara. Kowace safiya kuma sai ta ce, "Yau Rabi a hannun wa take?" Ba a watsewa sai wata ta ce, "Nawa." In za ki tashi, sai kin ɗora hannunta cikin na wata.

Yanzu ina koyarwa a Dutsin-Ma. A ajina akwai yarinya mai farfaɗiya, kuma ba na yarda ta nufi wajen tankin ruwa sai na kira sunan wadda za ta raka ta. Na daɗe kafin in gane cewa mu masu ji Iya ta yi wa tatsuniyar nan.

Bara na kai wa Rabi ziyara a Kurfi, inda take ɗinki, da 'ya'yanta uku. Na tambaye ta da hannu ko tana tuna zabuwar. Ta yi dariya har da hawaye, ta nuna mini ita duk a zatonta labarin kaza ne da ta ɓatar da ƙwai. Abin da take tunawa, in ji ta, tafin hannun Iya ne mai kaushi, riƙe da nata a bakin ruwa.