Makaɗiyar Ɗakin Wanki

A ɗakin wankin asibiti Makaɗiya suke kiranta, kuma da farko tsokana ce. Hannunta ba ya zama shiru. In tana jiran inji ya gama matse zannuwan gado, za ka ji tana buga gefen kwandon roba da yatsu, tana bin rugugin injin. Mace ce doguwa, ta haura shekara talatin, aurenta ya mutu ta dawo gidan mahaifiyarta, Inna, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida a ƙarshen wani lungu.

Kiɗan nan tun suna yara ya samo asali, ita da ƙanenta Auta. Ita ke buga bokiti da murfin tukunya, shi kuma yana ɗora waƙar duk da ta zo bakinsa, har da ta zagin akuyar maƙwabta. Da ya girma sai ya tafi wata ƙasa mai nisa, yana lodin kaya a wani babban sito. Takardunsa ba su kammala ba, in ya fito ba zai iya komawa ba, don haka shekaru suka yi ta wucewa ba a ga ƙeyarsa ba sai a waya.

Wata rana wani mutum da ya dawo daga can ya kawo saƙon Auta a naɗe cikin tsohuwar rigar sanyi. Akwati ne baƙi, bai kai faranti girma ba, da madannai na roba jere-jere, da 'yan maɓallan murɗawa, da ƙaramin gilashi mai nuna rubutu. Na hannu ne, kusurwa ɗaya ma ta ɗan fashe. Ta jona shi da wuta, ta sa abin ji a kunne, ta danna kowane madanni. Shiru.

Ta kira Auta. "Kai, wannan abin naka matacce aka sayar maka."

Ya yi dariya. "Yaya, samfila sunanta. Babu komai a cikinta sai abin da kika zuba mata. Ki ɗauki sauti da makirfo, ki ɗora a kan madanni, duk sanda kika taɓa zai fito. Bokitinki ne, sai dai wannan ba ya mantuwa. Ki haɗa kiɗa, ni zan hau."

Abin da ta fara ɗauka ƙarar cokali ce a bakin kofi. Ta manna makirfo da kofin, wata 'yar fitila ta yi ja, da ta saurara sai ta ji kamar ana yaga kwano. Ta daɗe kafin ta gane cewa jan nan yana nufin ƙarar ta yi yawa, sai an ja baya kaɗan. Bayan wannan kuma sai wata matsala: in ta danna, sautin ba ya fitowa nan take, sai ya yi ɗan jinkiri, kiɗan ya riƙa ɗingishi. Ta kai wa mai gyaran rediyo na bakin titi, wani dattijo mai tabarau ɗaure da zare. Shi ma bai taɓa ganin irinta ba. Suka yi ta murɗe-murɗe tare har ya lura da wani layi a gilashin yana matsawa.

"'Yata, shirun da ke gaban sautin ne kika ɗauko tare da shi," in ji shi. "Datse masa kai, ki datse wutsiya."

Ta datse. Cokalin ya faɗo daidai inda yatsanta ya sauka.

Daga nan ta zama mafarauciyar ƙara. Ranar da take hutu ta ɗauki kukan ƙofar gidansu, wadda ke ƙiiƙ in an tura ta. Ta ɗauki saukar ruwan famfo a cikin bokiti. Ta ɗauki jan silifas ɗin Inna a kan siminti. A wurin aiki ta nemi izinin shugabarsu ta ɗauki rugugin babban inji, ta rage masa sauri har ya koma kamar ganga mai zurfi. Ranar da ta haɗa kiɗanta na farko aka ɗauke wuta kafin ta adana, komai ya tafi. Ta zauna a bakin gado da akwatin a cinya.

Inna ta leƙo. "Akwatin ƙarar ya cinye miki wahala ko? Da kin tsince mini shinkafa da yanzu tana nan."

Ta sake daga farko. Wannan karon ta cika kowane madanni, ta zuba duka a lokaci guda, abin ya zama kamar tashar mota. Sai ta fara cirewa ɗaya bayan ɗaya, har ya rage inji, da cokali, da ƙofa, da takun Inna. A duk zagayen da kiɗan zai yi ya dawo, ta bar wani gurbi fayau. Ba da gangan ta bar shi ba. Nan ne muryar Auta ke shigowa a da, kuma hannunta bai san yadda ake rufe wurin ba. Ta gwada sa tata muryar, ta goge.

Ta tura masa. Wayar ta nuna ya buɗe, amma bai ce komai ba. Kwanaki ta yi tana duba waya tsakanin wanki da ninki, har abokan aikinta suka fara tambayar ko sabon miji aka samu.

Da ya kira, wata yamma ce tana kwashe shanya.

"A cikin bas na ji," ya ce. "Har na wuce inda zan sauka. Yaya, ƙofarmu ce wannan? Har yanzu ba ku sa mata mai ba?"

"Wa zai sa? Kai ne mai sawa."

Ta ji wucewar motoci ta can. Sannan ya ce, "Bayan takun silifas akwai tari. Tun yaushe Inna take tari haka?"

Ba ta ma san tarin ya shiga ba. Ita da Inna sun yi shawarar kada a gaya masa, tunda ba abin da zai iya sai damuwa. Ta gaya masa gaskiya: an je asibiti, ana shan magani, da sauƙi. Ya ce to, ya sake cewa to. Da ta tambaye shi waƙar da ya yi alkawari, sai ya ce tun da ya tafi bai buɗe baki ya rera komai ba. Su da yawa ne a ɗakin, in wasu sun fita aiki wasu na barci, ko waya sai a hankali ake amsawa.

Bayan mako ya turo wani ɗan guntun saƙon murya. A matattakalar bene ya tsaya ya ɗauka, ana jin amsa-kuwwa. Layi ɗaya ne, ƙasa-ƙasa, yana cewa a bar masa ƙofa a buɗe. Muryar ta yi kauri, ba wadda ta sani ba, kuma ta karye kafin ƙarshe. Ta ɗora ta a madannin ƙasa na hannun dama. Muryar ba ta cika gurbin ba, rabi kawai ta rufe.

Da Inna ta ji, sai ta ajiye tsintsiya ta matso.

"Wanne ne nasa?"

Ta nuna mata. Inna ta danna da ɗan yatsa, a tsorace, kamar mai taɓa murhu. Auta ya rera. Ta sake dannawa. Tun daga ranar, kafin Makaɗiya ta fita aiki sai ta kunna samfilar ta ajiye a kan kujera kusa da tabarmar Inna.

Yanzu ta iya abubuwa da dama. Mai askin layinsu yana sa kiɗanta guda a shagonsa, wani matashin mawaƙi ma ya zo neman ta ba shi wancan mai kukan ƙofa, ta ce wannan yana da mai shi, ta haɗa masa wani. Duk sanda suka yi waya da Auta tana tambayar layi na biyu. Yakan ce ta ƙara haƙuri, ran Lahadi, in ya samu matattakalar ba kowa.