Turaku Uku a Gonar Babana

Shekara uku cur mahaifina bai faɗi sana'ata da bakinsa ba. In aka tambaye shi a bakin masallaci ko a kasuwar Baure ina ɗansa na biyu yake, sai ya ce, "Yana Katsina," ya ja bakinsa ya tsuke. Yayana kuwa, da ke sayar da taki da maganin feshi a Daura, har ƙofar shagonsa Baba kan kwatanta wa mutane. Ni dai ina Katsina kawai, sai ka ce wanda aka tsare a can.

Laifina kyamara ce. Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a ba, kuma da wuya ka zauna a majalisa ba a taɓo zancen 'yan fim ba, galibi ba da alheri ba. Wani ɗan garinmu ya gan ni a tasha da kyamara a kafaɗa, kafin mako ya zagayo labari ya isa gida cewa ɗan Malam ya shiga fim. Na zo na durƙusa a gabansa na yi bayani har bakina ya bushe. Na ce ni ba rawa nake ɗauka ba, ba waƙa ba, ko mutum ba kasafai yake shiga hotona ba. Tsuntsaye nake bi, da itatuwa, da ƙwari. Muna haɗa gajerun fina-finai na minti goma, a kai su gidan adana kayan tarihi da ɗakin karɓar baƙi na gandun daji, inda 'yan makaranta ke zama a kan benci su kalla kafin a zagaya da su. Ya saurare ni har na dasa aya, sannan ya ce hoto dai hoto ne, ya ɗauki butarsa ya fita.

Bai yi mini baki ba, bai kuma hana ni ba. Albarka ce dai bai sa ba, kuma duk wanda ya tashi a gida irin namu ya san nauyin wannan. Kullum in zan koma sai ya ce Allah Ya kiyaye hanya. Hanyar kawai. Aikin da hanyar za ta kai ni, ko sau ɗaya bai shiga addu'arsa ba. Abin yana cin raina ƙwarai, amma da yake zuciyarsa na gada, ni ma sai na daina kawo zancen.

Ana haka aka ba mu aikin fim a kan gawo. Duk itatuwan ƙasarmu da damina suke yin ganye, shi kuwa gawo a lokacin yake kakkaɓe nasa ya tsaya tsirara, sai ruwa ya ɗauke sannan ya yi kore shar. Yaran birni ba su san wannan ba. Dabarar da muka yanke ita ce mu ɗauki itace ɗaya da damina, mu dawo da bazara mu ɗauke shi daga daidai inda muka tsaya, ta yadda in an haɗa hotunan biyu yara za su ga ƙarangaman itacen ya cika da ganye a gaban idonsu. Gawo ba ya ƙaranci tsakanin Daura da Baure, ko'ina ka jefa ido akwai shi. Amma ni na kafe sai na tsakiyar gonar Baba. Na ce wa shugabanmu ya fi kowanne kyan tsayi, kuma gaskiya ne, sai dai ba shi ne dalilina ba.

Ban iya tunkarar Baba kai tsaye ba, sai na bi ta wajen Inna, kamar yadda ake yi a gidanmu in magana ta yi nauyi. Amsar da ta kawo mini gajeriya ce. Ya ce gona ba ta da ƙofa.

Muka zo ni da abokin aikina mai ɗaukar sauti, wani Bakano haifaffen cikin ganuwa, mai raha, wanda bai taɓa riƙe fartanya ba. Gero ya kai gwiwa, Baba yana ta maimai, wato noma na biyu. Muka gaishe shi ya amsa ciki-ciki, bai ɗago ba. Ina cikin kafa ƙarfen nan mai ƙafa uku da ake ɗora kyamara a kai, sai abokina ya ɗaga kai ya dubi gawon, ya ce da ƙarfi, "Yanzu duk tafiyar nan a kan mataccen itace muka yi ta? Wannan ai sai gatari."

Na ga Baba ya miƙe a hankali, ya jingina fartanya a ƙugunsa.

"Samari, a ina aka haife ka?"

Da ya ji amsar sai ya gyaɗa kai irin na wanda ya gano ciwo. Daga nan baki ya buɗe. Ya gaya masa cewa ranar da kakana ya yanka masa gonar nan, gawon bai fi tsumagiya ba, kuma da aka zo sassabe shi ya hana a sare shi, ya rage masa reshe biyu ya bar ɗaya ya miƙe. Ya kama hannun Bakanon ya kai shi gindin itacen, ya ce ya dubi geron da ke nan, ya kuma dubi na can bakin iyaka, ya faɗi wanda ya fi duhu da kauri. Ya ce ganyen da ya zubar shi ne abincin ƙasar, tsiraicin da yake yi wa dariya shi ke barin rana ta isa ga shuka, in kuma rani ya yi tsanani shi kaɗai ke da inuwa, tumaki su zo su ci 'ya'yansa. Ina tsaye a bayan kyamara ina ji. A rabin sa'a ya yi wa baƙo maganar da bai yi mini kwatankwacinta a shekara uku ba, kuma ba zan ɓoye ba, na ji kishi. Abokina ya roƙi ya bari a naɗi muryarsa. Baba ya ce muryarsa ba ta shiga akwati, ya koma kan kunyar da yake nomewa.

Da na gama ɗauka, na sassaƙa turaku uku na itace, na buga kowanne a inda ƙafar ƙarfen ta tsaya. Sannan na ɗaga murya ina yi wa abokina bayanin abin da ya riga ya sani: in turakun nan suka gusa ko da taƙi ɗaya ne, hotunan biyu ba za su hau juna ba, aikin shekara ya tashi a banza. Da Baba nake, kuma ya san da shi nake. Ya ci gaba da nomansa.

Wata biyu bayan nan ina wani daji ina ɗaukar suri, ina kallon gara tana ɗora ƙasa a jikin wani busasshen reshe, sai turakuna suka faɗo mini a rai. Ni, ɗan manomi, na buga itace a ƙasa da damina, ina jiran in dawo bayan wata bakwai in same shi. Ko gara ta yi mini kara, ga girbi, ga amalanke, ga shanun da za su shiga gonar bayan an ɗauke hatsi. Garinmu ba waya a lokacin, kuma ko da akwai, girman kai ba zai bar ni in aika wa Baba cewa ya duba mini turakun hoto ba. Ban gaya wa kowa a ofis ba, na riƙa lissafin ƙaryar da zan yi.

Da bazara na dawo ni kaɗai. Tun daga nesa na hango gawon ya yi kore, 'ya'yansa jajaye a murɗe sun zuba a ƙasa. Gonar kuwa fayau, ba kara, ba kunya, sai yashi. Na zagaya inda nake zaton wurin ne, na sake zagayawa. Ko alamar turke babu. Na ajiye kaya na tsuguna, ina zagin kaina a zuci.

Ban san Baba ya biyo ni ba sai da inuwarsa ta faɗo a gabana. Bai dube ni ba. Ya wuce ni da taku kamar goma, ya tsaya, ya share yashi da gefen ƙafarsa. Baƙin ƙarfe ya bayyana. Ya matsa ya share na biyu, ya share na uku. Ƙarfen tsofaffin fartanyu ne guda uku, an buga su har sun shafe da ƙasa.

"Naka gara ta cinye su tun kafin girbi," ya ce. "Ɗan manomi."

Daga baya Inna ta ba ni sauran labarin. Ta ce ranar da ya ga turken farko ya fara rubewa, gida ya dawo ya kwance igiyar guga, ya je ya auna tsakanin ukun ya ƙulla alama a jikinta. Ɗaya bayan ɗaya ya sauya su, ba ya zare na biyu sai na farko ya zauna, don kada wurin ya ɓace masa. Duk Juma'a kuma kafin ya wuce masallaci sai ya ratsa ta gonar da igiyar a aljihu.

Wani abin kuma da idona na gani a ranar. A wajenmu, bayan girbi manomi kan gayyaci makiyayi ya sauka a gonarsa, shanu su kwana a wurin su bar masa taki, shi kuma ya ba shi hatsi. Akwai wani dattijon Bafulatani da ya fi shekara ashirin yana sauka a inuwar gawon nan. A bana duk kashin shanun yana can kusurwar gabas, nesa da itacen. Gefen da ƙarafan suke tas yake, ko sawun kofato babu. Baba ya hana mafi kyawun ɓangaren gonarsa takin shekara guda saboda ramuka uku, kuma na san me hakan ke nufi a rumbu.

Na kafa ƙarfen, ƙafa uku a kan ƙarafa uku. Na fito da hoton damina da na wanko na riƙe a gefe, na leƙa. Kututture ya hau kan kututture, reshen da ya karkata yamma yana nan inda na bar shi, sai dai yanzu ya sha ganye. Na danna.

Ina cikin ɗauka na ji shi a kafaɗata. Ya ce, "Ta ina ake leƙawa?"

Na matsa masa. Ya tura hularsa baya, ya runtse ido ɗaya, da farko ma wanda ya kamata ya buɗe shi ya rufe, sai da na gyara masa. Ya daɗe a sunkuye. Ya karɓi hoton damina ya duba, ya sake leƙawa. Ya tambaye ni ko yaran za a gaya musu kada su sare shi in sun same shi ƙarami a gona. Na ce da wannan maganar fim ɗin zai ƙare. Ya ce to a faɗa sau biyu, yara ba sa ji da sau ɗaya.

Sai ga wani maƙwabcin gonarmu a kan jaki, zai wuce gari. Ya yi sallama, ya ja linzami yana kallon kyamarar, ya tambayi Baba ko baƙi ya yi. Na sunkuyar da kai ina jiran in ji Katsina.

"Ɗana ne," in ji Baba. "Itatuwa yake ɗaukar wa yaran makaranta, su san abin da Allah Ya ajiye musu. Aikinsa ke nan."

Mutumin ya ce Allah Ya taimaka, ya wuce. Na yi kamar ina gyara wani abu a jikin kyamarar, don idona ya cika ba na ganin komai. Da na naɗe kaya na sunkuya zan tono masa ƙarafansa, sai ya dafa hannuna ya ce in bar su, wa ya sani ko za a sake aiko ni. Ya mayar da yashi a kansu da ƙafarsa, ɗaya bayan ɗaya. Washegari da zan hau babur ya rako ni har bakin hanya, ya ce Allah Ya kiyaye hanya. Sannan ya ɗora hannu a kan jakar kyamarar ya ce, "Allah Ya yi wa aikin albarka."